Shaidar da Ladan Haliru Ya Riƙe

A Masama, in ka tambayi gidan Haliru sai an ce maka wanne, amma in ka ce Ladan, kowa zai nuna maka ƙofar da zana ta rufe rabinta, daura da masallacin unguwa. Shekara hamsin ke nan yana kiran salla a wurin. Yana da gonar gero a bayan gari, yana ɗan taɓa ɗinkin hula da rani, ba ya son dogon surutu, kuma duk duniya ba abin da ya raina kamar lasifika. Da samarin unguwa suka kawo ta da batir da faifan sola, suka ce yanzu ya huta da hawan matakala, sai ya sa musu albarka, ya ja wayar ya hau da ita. Matakalar ta ƙasa ce, taki goma sha ɗaya a jikin bangon masallaci, kuma duk shekara da hannunsa yake yaɓe ta kafin ruwa ya sauka.

Ba taurin kai ba ne kawai, ko da yake akwai shi. Mahaifinsa, Malam Ɗalha, shi ne ladan kafinsa, kuma shi ya koya masa cewa ba a kiran lisha sai mutum ya ga da idonsa jan nan na yamma ya gama ɓacewa. Kafin ya ɓace kuwa ba a tsayuwa haka nan, sai a bi taurari ɗaya bayan ɗaya yayin da suke fitowa. Uwar Malam Ɗalha Bafillata ce, shi ya sa yake duban sama yadda makiyayi ke duban garkensa da yamma: bai san adadinsu ba, amma in ɗaya ta ɓata ko baƙuwa ta shigo, zai sani nan take. Haliru ya gaji wannan ido. Har yau da ya doshi saba'in, ranar duban wata shi ake turawa gaba, 'yan boko masu gilashi suna bayansa suna tambayar ta ina.

Bana, mako biyu bayan babbar salla, aka yi ruwa da la'asar, sama ta wanku tas. Ladan ya hau, ja ya ɓace, ya fara bin garkensa daga gabas kamar kullum. Da ya zo kudu, ƙasa da kan jerin taurarin da ake kira Kunama ta hannun dama, inda ya san fili ne tsakanin wasu ƙanana guda biyu, sai ya ga na uku. Ba wani mai haske ba ne, ɗan mitsitsi ne, wanda bai san wurin ba ko an nuna masa ba zai kula ba. Ya murtsuke ido. Ya jira ya ga ko zai motsa, don saman yanzu ta cika da masu yawo, jirage da taurarin ɗan'adam, amma abin nan ko gezau. Ya ji kamar akwai mutum tsaye a taki na goma, a bayansa, har da ɗan tarin nan na gyaran murya da ya san mahaifinsa da shi. Bai waiwaya ba. Mutane sun yi alwala suna ta jira a ƙasa, sai da wani ya buga bango sannan ya tuna da abin da ya hawo yi. A daren nan muryarsa ta yi rawa, kuma kowa ya ji, don lasifika ba ta rufa wa kowa asiri.

Ba tauraron ne ya tsorata shi ba. Abin da ya tsorata shi ya faru ne tun yana ɗan shekara goma sha bakwai.

Damina ce, gero ya fitar da kai, saura kwana takwas ko tara a kama azumi, 'yan watanni kafin a raba jihar Arewa maso Yamma. Haliru ya bi mahaifinsa sama don riƙe masa fitila. Malam Ɗalha ya tsaya cak, ya kama kafaɗar ɗansa ya juya shi arewa maso gabas, ya nuna masa wani tauraro fari ƙal, babba, a wurin da jiya ba kowa. Haliru ya gan shi. Ya gan shi sarai, har ya tambayi sunansa, mahaifin ya ce ba shi da suna, baƙo ne. Washegari Malam Ɗalha ya faɗa wa liman da dattawan unguwa, cikin murna irin ta wanda ya yi tsuntuwa. Suka ce to, a nuna musu. Sai hadari ya rufe sama, aka yi kwana shida ana marka, ko wata ba a gani balle tauraro. A cikin kwanakin nan magana ta zaga gari, ta yi ƙafa ta yi hannu, har aka ce ladan ya ce duniya za ta tashi.

Ranar da sama ta buɗe, unguwa duka ta taru a ƙofar masallaci, har da waɗanda ba a taɓa ganinsu a sahun lisha ba. Malam Ɗalha ya ɗaga hannu ya nuna. Babu. Ya sauke hannun, ya goge ido, ya sake nunawa. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ta kama sauran. Liman, wanda ba mugu ba ne, mutum ne dai mai bin ƙa'ida, ya ce ko wata ba a karɓarsa da bakin mutum ɗaya, sai da na biyu. Akwai wanda ya gani tare da shi?

Malam Ɗalha ya juya, ko alamar damuwa babu a fuskarsa.

"Haliru, taho. Muna tare daren nan. Hwaɗa musu abin da kag gani."

Haliru ya dubi wurin, ba komai. Ya dubi sa'o'insa, suna toshe baki. Liman ya tuna masa nauyin shaidar zur. A ransa ya ce in ya ce ya gani, gobe za a ce gidan Ɗalha mahaukata biyu ne. Mutum na iya jera masa uzuri, yaro ne, kwana shida sun wuce, abin kuma ga shi babu. Amma gaskiyar magana tsoro ne ya kama shi, tsoron dariya kawai.

"Ni ban ga komi ba, Baba."

Malam Ɗalha bai yi faɗa ba. Ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya shiga masallaci. Bayan kwana biyu ya ga jinjirin watan azumi, ya zo ya faɗa, ba wanda ya ɗauki maganar zuwa fadar Gwandu. Aka ce ya ɗan huta, yaron ya riƙe kiran kafin ya samu sauƙi. Aka shiga yi masa rubutu, aka shiga turara masa hayaƙi har tufafinsa suka daina wari irin na mutane. Shi da ba ya da ciwon komai, sai da aka yi ta yi masa magani har ya daina fira da kowa, daga baya ya koma yin magana shi kaɗai. Babbar 'yarsa Hadijatu, wadda ke aure a Gwandu, ta zo ta tafi da shi gidanta. A can ya yi damina uku ya rasu. Haliru yakan je gaishe shi duk wata, ya kai gero, ya durƙusa, ya tambayi jiki, ya tashi. Ko sau ɗaya maganar ba ta haɗa su ba.

Da shekaru suka yi nisa, Haliru ya lallashi kansa har ya yarda cewa bai ga komai ba. Ya ce yatsan uba ne ya bi, ido kuwa yana ganin abin da aka ce masa ya gani. Da wannan ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da su, ya binne matarsa. Yanzu ga baƙo ya sake fitowa, kuma duk inda ya juya ba daɗi. In babu komai a wurin, to ciwon da aka ce na mahaifinsa ne ya biyo jini, ya same shi a kan matakala ɗaya, kuma ya san abin da ke biyo baya. In kuwa akwai, to taurari na zuwa su tafi, mahaifinsa lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne ya ja masa abin da ya same shi. Ya rasa wanne zai roƙi Allah ya zama gaskiya.

Kwana huɗu yana hawa, kwana huɗu abin yana nan. Bai nuna wa kowa ba, ya san yadda ake ƙarewa da nuni. Abinci ya daina shiga. In ya kira salla, sai ya ji amsa-kuwwar da ke dawowa daga bayan gari kamar ba muryarsa ba ce, ta fi tasa kauri, ta fi ta jan "hayya". Ran na biyar ya bar wa wani maƙwabci kiran, ya ce za shi ganin likitan ido. Ya hau kabu-kabu zuwa Gwandu, bai ko leƙa gidan yayarsa ba, ya shiga bas ta Birnin Kebbi, daga nan Kalgo.

A jami'ar da ke Kalgo akwai Mubaraka, autar Hadijatu, tana koyar da kimiyya, kuma an ce karatunta na ƙarshe a kan taurari ta yi shi. Dangi sun daɗe suna yi mata tsiya da wannan, wai duk abin da ke ƙasa bai ishe ta ba. Ta tarbe shi a ɗan ofishinta mai fanka ɗaya da tulin takardu, ta aika aka sayo masa fura. Ladan ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar maigidanta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwan bana a Kalgo, ya koma kan yara. Mubaraka ta bar shi ya gama zagayensa, sannan ta ce ita dai ta san Kawu bai taɓa barin matakalarsa don ya zo jin lafiyar yara ba.

Sai ya karɓi biro da takarda. Ya ɗiga Kunama, ya ɗiga na gefenta, ya ɗiga ƙananan nan biyu, ya sa na uku a tsakani, ya zagaye shi. Ya ce ta duba masa, in da yadda ake dubawa, ko akwai wani abu a nan, kuma kada ta ji nauyinsa in babu.

Ta daɗe tana danna kwamfuta, tana duban takarda, tana komawa. Sannan ta ɗago.

"Kawu, da idonka kag gan shi? Ba gilashi, ba komi?"

Ya ce da idonsa.

"To shina nan. Sabo na, ko wata guda bai yi ba."

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ta shiga bayani da zumuɗin malamar da ta samu ɗalibi mai saurare. Ta ce wasu na'urorin ɗaukar hoto da ke gadin sama kowane dare su suka fara tsinkayarsa, tun yana dusu-dusu, ido bai kai gare shi ba. Ba haihuwar sabon tauraro ba ce. Taurari biyu ne da ke manne da juna tun fil azal, can nesa inda ba a ganinsu, ƙaramin yana ta janyo iskar jikin babban yana tarawa a kansa, har ranar da abin ya yi yawa ya kama da wuta gaba ɗaya. Hasken wannan gobarar ne ya iso. Zai yi kwanaki ko makonni, ya dusashe, wurin ya koma fili kamar da.

Ladan ya tambaye ta wa ya tabbatar. Ta nuna masa jerin sanarwa, ɗaya bisa ɗaya. Ta ce wanda ya fara gani shela kawai yake yi, ba a rufe magana da bakinsa. Daga nan sai masu manyan madubin hangen nesa a ƙasashe dabam-dabam su juya kansa, wasu su auna ƙarfin haskensa kowane dare, wasu su tsaga hasken su karanta abin da ke ƙonewa da gudun da tarkacen ke yi. Akwai kuma taurarin ɗan'adam da ke dubansa da wani irin haske da ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wannan, in ji ta, sau da yawa ba ya fitowa da wuri, don tarkacen da aka watsar ya rufe wurin. Sai bayan hasken ido ya ja baya, hayaƙin ya yi shara-shara, sannan a hango wutar da ke ci a ciki. Shi ya sa ba sa tashi daga kansa don ya ɓace, wani lokaci watanni suke yi suna bi.

Ya juya hularsa a gwiwa. Ashe su ma sai da na biyu, har da na ashirin. Sai ya tambayi abin da ke cinsa: in ya ɓace, aka zo aka duba ba a gan shi ba, wanda ya fara faɗa fa, me ake ce masa? Mubaraka ta yi dariya, ta ce me za a ce masa, ai ɓacewar ma aunawa ake yi, a rubuta. Ba ta lura cewa shi bai yi dariya ba.

Ya kamata a ce ya ji sanyi a ransa, tunda an wanke shi, hankalinsa ɗaya. Bai ji ba. Ya san saura rabi, kuma ya san in ya fita ƙofar nan bai tambaya ba, ba zai sake samun ƙarfin dawowa ba. Ya ce mata ko ana ajiye na da. Ta ce har na shekara ɗari. Ya ba ta abin da ya riƙe: ƙarshen Sha'aban, gero ya fitar da kai, 'yan watanni kafin a raba jiha, arewa maso gabas lokacin lisha, fari ne, babba.

Wannan ko minti biyu bai ɗauke ta ba. Ta ce ai wannan sananne ne, duk ɗalibin fannin ya san shi. Ashirin da tara ga Agusta, alif ɗari tara da saba'in da biyar. Mutane da yawa a ƙasashe da yawa sun gan shi da ido a dare ɗaya, kowa na tsammanin shi ya fara. Yana cikin mafi saurin dusashewa da aka taɓa gani, cikin mako guda ido ya kusa rasa shi. Ta lissafa kwanan watan Musulunci, ya faɗa ashirin da ɗaya ga Sha'aban. Ta buɗe wani tsohon hoto marar launi, ɗigo-ɗigo fari a kan baƙi, ɗaya ya fi na kusa da shi girma.

Ladan bai buƙaci a nuna masa wanne ba. Shekara hamsin yana gaya wa kansa bai gan shi ba, ga shi ya gane shi kamar fuskar ɗan'uwa. Mubaraka, wadda abin da ta sani game da kakanta bai wuce cewa ya yi ciwon iska ba, ta ga hawaye na bin gemun kawunta, ta tsorata, ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce ta fitar masa da hoton a takarda, da kwanan watan a ƙasa. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata kakanta bai taɓa yin ciwon komai ba, sauran bayani ta ji a bakin uwarta.

Ya isa Gwandu la'asar sakaliya. Duk waɗanda suka tsaya a ƙofar masallaci a daren nan sun mutu, liman da dattawa da masu dariya. Mutum ɗaya ta rage da maganar ta shafa. Ya tarar da Hadijatu a tsakar gida kan tabarma tana tsinke zogale a faranti, da lalube, don yanar ido ta rufe mata gani shekara uku ke nan. Ta gane shi da sallamarsa. Ya zauna a ƙasa, ba kan kujerar da aka kawo masa ba. Ya ciro takardar ya miƙa, sai ya tuna ba za ta gani ba, ya riƙe ta a hannu kamar wawa.

Ya faɗa mata duka, bai rage ba. Ya faɗi na Kalgo, ya faɗi hoton, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Yaya, daren nan na gan shi. Ina tsaye gefen Baba, ni ar riƙe da hitila. Na gan shi, niy yi ƙarya gaban mutane."

Hannun Hadijatu bai tsaya ba. Ta tsinke reshe ɗaya, ta jefar da karan, ta laluba wani.

"Na sani," in ji ta.

Ya ɗago kai.

"Tun ranar da nid ɗauko shi ya hwaɗa min. Ni da niz zaunar da shi shekara uku, kana tsammanin ban san mai hankali ba? Na so in taho Masama in tona maka gaban kowa, shi ya hana ni. Duk ranar da kaz zo gaisuwa, in ka hita, sai shi ce min, yau ma bai shirya ba, ku bar shi, yaro na, da kainai za shi hwaɗi. Ranar da za shi cika ma, da sahe sai da yat tambaya ko ka iso."

Ladan ya tuna ranar. An aiko masa tun da hantsi, ya tsaya ya kira azahar tukuna, ya iso an riga an rufe fuska.

"Ya ce in ka zo ka hwaɗi ba shi nan, in karɓa mai, in ce maka ya yahe. Shekara arba'in da bakwai ina riƙe da saƙon ga, Haliru. Na ɗauka da shi za a binne ni."

Can ya tambaye ta ko za a iya gane kabarin. Ta ce ruwa ya shafe wannan gefen maƙabartar tun da daɗewa, an ma sake binne wasu a kai.

Aka kira magariba a masallacin bayan gidan, wani yaro ne mai gaggawa. Hadijatu ta laluba buta ta tura masa gabansa. Ya daɗe zaune da takardar a hannu bai ɗauki butar ba.